Shin ƙwayar halitta mai rai za ta iya kai magani inda cuta take?

Rabi'atu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin harhaɗa magunguna. A darasin da ake yi mana kan hanyoyin isar da magani cikin jiki, malaminmu ya ambata a gurguje cewa akwai masu bincike da suke ɗora wa ƙwayoyin halitta masu rai magani, irin su bakteriya da ƙwayar maniyyi da gansakuka mai ƙwaya ɗaya, domin su yi iyo da ƙarfin kansu su kai shi wurin da ƙari ko wata cuta take. Matsalar da ake son magancewa na fahimce ta sarai. Maganin ciwon daji irin doksorubisin idan aka sa shi ta jijiya yakan zaga jiki gaba ɗaya, ya taɓa ɓargo da gashi da zuciya, har ta kai an ƙayyade jimillar abin da majiyyaci zai karɓa a tsawon rayuwarsa saboda lahanin da yake yi wa tsokar zuciya, alhali rabon da yake shiga cikin ƙarin ɗan kaɗan ne.

Abin da ya shige mini duhu shi ne dalilin da zai sa a ɗauko abu mai rai, wanda yake iya mutuwa ko hayayyafa ko tayar da garkuwar jiki, a mayar da shi inji, tunda dai injiniyoyi suna iya ƙera abubuwa 'yan mitsi-mitsi da ƙarfe ko roba. Sannan idan an sake shi cikin jiki, wa yake riƙe da akalarsa? Ina kuma son sanin ko an taɓa gwada wannan a jikin ɗan Adam, ko kuwa har yanzu maganar ɓeraye ce da kwanon gwaji.

Malam Isiyaku ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Amsar tambayarki ta farko tana cikin yadda ruwa yake kasancewa ga abin da ya yi ƙanƙanta ainun. Bakteriyar E. coli tsawonta kusan maikuromita 2 ne, wato kashi 2 cikin 1,000 na milimita, kuma a wannan girman danƙon ruwa ya rinjayi nauyin jiki nesa ba kusa ba. Mai ninkaya idan ya buga ƙafa sau ɗaya yakan ci gaba da sulalewa bayan ya daina bugawa, amma bakteriya da zarar ta tsayar da wutsiyarta sai ta tsaya cak, tazarar da take ƙarawa ba ta kai faɗin atom ɗaya ba. Masanin kimiyya Edward Purcell ya fayyace wannan a wata maƙala da aka buga a 1977, inda ya nuna cewa a irin wannan girman duk motsin da aka yi gaba sannan aka maimaita shi baya daidai yadda aka yi shi ba ya ciyar da abu gaba ko kaɗan, domin abin da aka samu a tafiya shi ake asara a dawowa. Saboda haka ba ya yiwuwa a ɗauki inji irin wanda muka sani a ƙanƙanta shi kawai, dole sai an sami motsi na daban, ko murɗawa ko kaɗa wutsiya mai lanƙwasa.

Ƙwayoyin halitta sun riga sun mallaki wannan. E. coli tana da wutsiyoyi masu siffar murɗaɗɗiyar waya, kowace da injinta a dashe cikin bangon ƙwayar yana juya ta kusan sau 100 a daƙiƙa, kuma da haka take cin maikuromita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, wato ninki goma na tsawon jikinta ko fiye. Makamashinta kuwa daga sukarin da yake kewaye da ita take samunsa, kuma a wannan fannin ne injunan da aka ƙera suka fi shan wahala. 'Yan sandunan zinariya da filatinam da Ayusman Sen da Thomas Mallouk da abokan aikinsu suka nuna a Amurka a 2004 suna tafiya da kansu, amma sai an zuba su cikin ruwan haidurojin feroksaid, wanda yake cutar da naman jiki. An sami ci gaba tun daga lokacin, har akwai waɗanda suke tafiya da tsamin ruwan ciki, sai dai ko an warware matsalar makamashi akwai abin da ƙwaya mai rai ta fi su da shi: tana jin abin da yake kewaye da ita. Tana auna yawan oksijin ko abinci ko haske, ta karkata zuwa inda ya fi mata.

Amfanin wannan yana fitowa ne idan aka dubi yadda ƙari yake daga ciki. Jijiyoyin jininsa a hargitse suke, oksijin ba ya ratsa nama fiye da maikuromita 100 zuwa 200 daga jijiya, don haka tsakiyar ƙari takan zama wuri mai ƙarancin iska, kuma matsin ruwan da yake cikinsa yana tura abubuwa waje maimakon ya jawo su. Maganin da ya dogara da yaɗuwa kawai a gefe yake tsayawa. Wani nazari da rukunin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya fitar a 2016, bayan sun tattara binciken shekara goma, ya nuna cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na 'yan ƙwayoyin nano, wato ƙananan ƙwayoyi ƙirar ɗan Adam masu ɗaukar magani, da aka yi wa dabbobi allurarsu suke isa cikin ƙari. An yi muhawara a kan wannan adadi, amma ya nuna girman giɓin.

Game da akala kuwa, misalin da ya fi fitar da abin fili shi ne na bakteriyar ruwan teku mai suna Magnetococcus marinus. A cikin jikinta akwai jerin 'yan duwatsun maganaɗisu da take ƙerawa da kanta, waɗanda suke sa ta daidaita da layin maganaɗisun duniya. Richard Blakemore ya bayyana irin waɗannan bakteriya a 1975, bayan ya lura a ƙarƙashin madubin ƙara girma cewa ƙwayoyin da suke cikin ɗigon taɓo duk suna taruwa a gefe ɗaya na ɗigon, kuma idan ya kawo maganaɗisu kusa sai su sauya hanya nan take. Sylvain Martel da rukuninsa a Montreal ta Kanada sun ɗaura wa kowace ƙwaya kimanin 'yan jakunkunan kitse 70 masu ɗauke da magani, suka yi allurarsu kusa da ƙarin hanji da aka dasa wa ɓeraye, suka nuna musu hanya da maganaɗisu daga waje. Da suka shiga ƙarin sai ɗabi'arsu ta neman wurin da oksijin ya yi ƙasa ta karɓi ragama. A rahoton da suka fitar a 2016, har kashi 55 cikin 100 na ƙwayoyin sun kutsa yankunan da iska ba ta wadata ba.

Dakta Binta ta amsa:

Malam Isiyaku ya gamsar a kan dalili, amma ina so Malama Rabi'atu ta lura da wani abu da ya ambata a wucewa: kusa da ƙarin aka yi allurar, ba ta jijiya ba. A nan gizo yake saƙa, kuma shi ya sa ba daidai ba ne a jera kashi 55 da kashi 0.7 a ce ga bambancin, domin na biyun ta jijiya aka ba da shi ya zaga jiki duka. Jini a cikin mafi ƙanƙantar jijiyoyi yana gudun kusan rabin milimita zuwa milimita 1 a daƙiƙa, wato ya ninka saurin E. coli sau ashirin ko fiye, a babbar jijiyar da take fita daga zuciya kuwa ana maganar santimita 20 zuwa sama a daƙiƙa. Duk abin da aka zuba a jijiya jini ne yake kai shi inda ya nufa, kuma hanta da saifa suna tace mafi yawan baƙin ƙwayoyi cikin ɗan lokaci. Hoton da ake zanawa a jaridu na ƙwaya ta taso daga hannu tana farautar ƙari a wani lungu na jiki ba haka abin yake ba. Iyonta yana da amfani ne a milimitocin ƙarshe, bayan an riga an kai ta bakin wurin.

Game da gwaji a jikin mutum, amfani da bakteriya wajen yaƙar ciwon daji tsohon abu ne. William Coley ya fara yi wa masu ƙari allurar bakteriya a New York a 1891, kuma tun daga aikin Alvaro Morales na 1976 ake amfani da BCG, wato bakteriyar rigakafin tarin fuka, wajen maganin ciwon dajin mafitsara har zuwa yau. Amma BCG ba ta iyo kuma ba ta ɗauke da komai. Ta bututun roba ake zuba ta cikin mafitsara, majiyyaci ya riƙe ta kamar awa biyu, sau ɗaya a mako har mako shida, aikinta kuwa tayar da garkuwar jiki ne. Wadda take iyo da aka gwada ta jijiya ita ce Salmonella da aka raunana mai lamba VNP20009. A ɓeraye tana taruwa a ƙari fiye da sauran naman jiki ninki dubu ko sama da haka, amma da aka gwada ta a Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a Amurka a kan mutum 24 masu dajin fata da ya bazu, rahoton 2002 ya nuna cewa a ƙarin mutum uku kawai aka tarar ta zauna, kuma babu wanda ƙarinsa ya ragu. Ƙarin ɓera sau da yawa a ƙarƙashin fata aka dasa shi, faɗinsa 'yan milimitoci, na mutum kuwa yana iya zama can cikin ciki, inda ƙarfin jan maganaɗisu ya riga ya yi rauni kafin ya isa.

Akwai kuma haɗarin da ni a wurina shi ne kan gaba. Bangon bakteriya irin E. coli da Salmonella yana ɗauke da sinadarin da yake jawo zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar matsin jini idan ya shiga jini da yawa, kuma waɗanda aka fi son a yi wa wannan magani su ne waɗanda maganin daji ya riga ya karya musu garkuwa. Idan aka bar ta da ƙarfinta ana iya yin gudun gara a faɗa gidan zago, idan kuma aka raunana ta sosai jiki zai share ta kafin ta yi aiki. Amsar tambayarki kai tsaye ita ce, ƙwaya mai rai da aka ɗora wa magani domin ta yi iyo da shi har yanzu tana matakin dabbobi da kwanon gwaji, babu irinta da hukumomin magunguna suka amince a yi wa jama'a.

Rabi'atu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Isiyaku da Dakta Binta. Idan na fahimta, to ke nan wannan dabara ta fi dacewa da wuraren da ba sai an bi ta jini ba. Shin shi ne dalilin da ya sa aka koma ga maniyyi da gansakuka? Na maniyyin musamman ya ba ni mamaki da na fara jinsa.

Nuhu ya amsa:

Haka ne, Malama Rabi'atu, binciken ya fi ƙarfi a wuraren da ake iya kai ƙwayar kai tsaye kuma ruwan da yake wurin ba ya gudu da ƙarfi, irin su huhu da mafitsara da hanji da hanyar mahaifa. Zaɓen maniyyi daga nan ya samo asali. Ƙwayar maniyyi aikinta ke nan iyo cikin ruwa mai kauri da yauƙi na hanyar mahaifa, ba ta rabuwa ta hayayyafa, ba ta fitar da guba, kwanakinta ƙidayayyu ne, kuma tana iya manne wa wata ƙwaya ta haɗe da ita, abin da yake ba ta damar zuba kayanta a ciki maimakon ta bar shi a waje.

Rukunin Oliver Schmidt da Mariana Medina-Sánchez a Dresden ta Jamus ne suka fi yin fice a nan. Sun jiƙa maniyyin bijimi cikin doksorubisin, wanda yake taruwa a kan ƙwayar, sannan suka ƙera wani ɗan bututu mai hannuwa huɗu masu lanƙwasa suka shafe shi da ƙarfe. Ƙwayar takan zura kanta cikin bututun ta maƙale, wutsiyarta tana waje tana turawa, maganaɗisu kuma yana juya bututun inda ake so. Idan suka bugi curin ƙwayoyin daji sai hannuwan su lanƙwashe, hanya ta buɗe, ƙwayar ta fice ta kutsa cikin curin. A gwajin da suka yi da ƙwayoyin dajin bakin mahaifa, maniyyi mai ɗauke da maganin ya kashe kashi 87 cikin 100 na ƙwayoyin cikin kwana uku. A kwano aka yi wannan, kuma kafin a kai ga mace akwai tambayar yiwuwar ɗaukar ciki da ta wanda za a karɓi maniyyinsa, waɗanda ba kimiyya kaɗai za ta amsa su ba.

A ganina hujja mafi ƙarfi zuwa yanzu ta gansakuka ce. Chlamydomonas reinhardtii faɗinta kusan maikuromita 10 ne, tana da wutsiyoyi biyu a gaba, tana wuce maikuromita 100 a daƙiƙa, kuma ba ta cikin masu sa wa mutum cuta. Tun a 2005 rukunin George Whitesides a Harvard ya nuna cewa tana iya jan 'yan ƙwallayen roba ana juya ta da haske. A 2022 Joseph Wang da Liangfang Zhang na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka manna mata 'yan ƙwayoyin nano masu ɗauke da maganin kashe bakteriya mai suna sifurofuloksasin, waɗanda aka lulluɓe da fatar fararen ƙwayoyin jini, suka zura ta ta bututu a maƙogwaro zuwa huhun ɓerayen da bakteriyar Pseudomonas aeruginosa ta sa wa namoniya. Duk ɓerayen da aka yi wa wannan sun wuce kwana 30 a raye, waɗanda ba a yi wa komai ba sun mutu cikin kwana uku, kuma kafin maganin da aka ba ta jijiya ya yi aiki kwatankwacin haka sai da aka ninka yawansa kusan sau 3,000. Abin lura shi ne babu wanda ya tuƙa gansakukar a cikin huhu. Motsin kanta ne ya sa ta bazu zuwa lunguna ta kuma kuɓuce wa ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye baƙon abu, waɗanda suka fi saurin kama abin da yake tsaye wuri ɗaya.

Malam Isiyaku ya sake amsawa:

Na yarda da Dakta Binta a kan gudun jini, amma a kan zurfi ina da ja. Maganaɗisun da yake jan abu zuwa gare shi lallai ƙarfinsa yana zubewa da sauri da zarar an yi nisa, sai dai bakteriyar Martel ba janta ake yi ba, fuska kawai ake saita mata, ita take tura kanta. Hujjar haka ita ce matacciyar ƙwaya ma tana daidaita da layin maganaɗisu amma ba ta zuwa ko'ina. Maganaɗisun duniya, mai ƙarfin kusan maikurotesla 50 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne, maikurotesla kuwa kashi ɗaya cikin miliyan na tesla), ya ishe ta sanin hanya, alhali na'urar MRI ta asibiti mai tesla 1.5 ta ninka wannan sau 30,000, don haka samar da ƙarfin da zai saita fuska a faɗin jikin mutum ba shi ne babban cikas ba. Rukunin Simone Schürle a Zurich ya nuna a 2022 cewa maganaɗisu mai juyawa yana sa irin waɗannan bakteriya su yi ta birgima a jikin bangon jijiya har su sami kafar ficewa zuwa ƙari. Wasu kuma sun bar wa jini aikin jigila gaba ɗaya: a 2021 masu bincike a Harbin ta ƙasar Sin sun sa fararen ƙwayoyin jini na nutrofil sun haɗiye magani da 'yan ƙwayoyin maganaɗisu, suka tara su a yankin kai, su kuma suka bi alamun kumburi suka ratsa shingen da yake tsakanin jini da ƙwaƙwalwa zuwa ƙarin ɓeraye.

Inda na ga da sauran rina a kaba shi ne gani. A ɓera ana iya sa ƙwayar ta yi haske a hango ta ta fata, a mutum kuwa hasken ba ya fitowa daga zurfi, kuma MRI tana rarrabe abin da ya kai kusan milimita ne, ƙwayar kuma maikuromitoci ce. Sai dai a ga taronsu a matsayin inuwa, kuma tuƙa abin da ba a gani sosai yana da wuya.

Dakta Binta ta ƙara da cewa:

Gyaran ya karɓu, Malam Isiyaku. Malama Rabi'atu, tunda fanninki harhaɗa magunguna ne, akwai tambayoyin da a teburinku za su sauka. Jakunkuna 70 a bayan ƙwaya ɗaya kaya ne ɗan kaɗan, don haka magungunan da ƙanƙanin adadinsu yake aiki ne kawai suka dace, ko kuma a zuba ƙwayoyin da yawan da garkuwar jiki ba za ta lamunta ba. Sannan yaya za a rubuta adadin magani a takarda idan mai ɗaukarsa yana iya mutuwa a cikin kwalba kafin a kai shi gadon majiyyaci, ko ya ninka kansa bayan an yi allurar? Maganin allura na yau da kullum ana tace shi ko a dafa shi domin a tabbatar babu ƙwaya mai rai a ciki, wannan kuwa ƙwayar mai rai ita ce rabin maganin, saboda haka dole a tabbatar ita kaɗai ce a cikin kwalbar, kuma tana iyo da irin saurin da aka rubuta a ranar da za a yi amfani da ita.

Idan kina karanta rahoton irin wannan bincike, ki fara neman rukunin dabbobin da aka ba ƙwaya iri ɗaya, da magani iri ɗaya, ta hanya iri ɗaya, amma aka cire mata wutsiya ko aka hana ta motsi. Idan sakamakon rukunin nan ya yi kusa da na masu iyo, to wani abu ne daban ya yi aikin, wataƙila kai maganin kai tsaye wurin cutar, ko garkuwar jikin da baƙuwar ƙwaya ta tayar, kuma ana iya samun wannan amfanin ba tare da an ɗauki nauyin ajiye inji mai rai ba.